Yadda ake hawa tsanin matsayi a wasan katunan intanet, daga Bronze zuwa Legend

Duk wanda ke buga wasan katuna a waya, a Katsina yake ko a Daura, ya san inda ake maƙalewa: a hau matakai uku da dare, gari na wayewa a zubar da su. Yawanci laifin sa'a ake gani, ko a ce abokin karawa ya saye katuna da kuɗi. Akwai sa'a a wasan, ba a musu. Amma tsanin matsayi lissafi ne na wasanni da yawa, kuma wanda ke cin wasa 55 cikin 100 zai kai sama ko da sa'a ta juya mashi baya yau da gobe. Aikinka shi ne ka samo waɗannan biyar ɗin da ke kan hamsin, ka kuma hana su zubewa.

Za mu yi bayani da Hearthstone, wasan kamfanin Blizzard da ya fito a 2014, saboda tsaninshi a fili yake. Mafi yawan abin da za mu faɗa zai yi maka aiki a Magic: The Gathering Arena da Yu-Gi-Oh! Master Duel. Marvel Snap yana da tashi dabara, za mu zo kanta.

Ka fara sanin tsanin da kake hawa

Tun 2020 tsanin Hearthstone rukuni biyar ne: Bronze, Silver, Gold, Platinum, Diamond. Kowane rukuni yana da mataki goma, daga 10 zuwa 1, kowane mataki taurari uku. Ka ci wasa a ba ka tauraro, a cinye ka a ƙwace ɗaya. Bayan Diamond 1 sai Legend, inda ba taurari sai lamba.

Abu uku ke sauƙaƙa hawan. Na farko dandamali: mataki na 10 da na 5 a kowane rukuni, in ka taka su ba ka faɗowa ƙasa da su a wannan watan, ko wasa ashirin aka cinye ka a jere. Na biyu jerin nasara: daga nasara ta uku a jere ana ninka maka taurari, amma wannan garaɓasar tana ƙarewa a Diamond 5. Na uku ninkin farkon wata. Kowane wata ana mayar da kowa Bronze 10, sai a ba ka ninkin taurari gwargwadon inda ka kai a baya. Wanda ya shiga Legend yana farawa da ninki 10, wato nasara ɗaya taurari goma, kuma ninkin na raguwa da ɗaya a kowane dandamali har ya ƙare a Diamond 5.

Saboda haka hawan gaske daga Diamond 5 yake farawa. Daga nan zuwa Legend taurari 15 ne da nasara ɗaya a kai, ba ninki, ba garaɓasa. Ma'ana sai nasarorinka sun fi asararka da kusan 16.

Yi lissafin da kanka. Mai cin kashi 55 cikin 100, a kowane wasa goma ribarshi tauraro ɗaya ce, don haka yana buƙatar wasa kusan 160. Mai cin kashi 60, wasa 80. Mai cin kashi 52, wasa 400. Kashi uku kacal ke tsakanin 52 da 55, amma bambancin wasa 240 ne. Shi ya sa kuskure ɗaya ƙarami da kake maimaitawa ya fi rashin katin Legendary, wato mafi wuyar samu, illa.

Kafin komai, wurin buɗe asusu ka zaɓi yankin Turai. Shi ne mafi kusa da mu, kuma katunan da ka tara a yanki ɗaya ba su bin ka zuwa wani.

Dek ɗaya, ka zauna a kanshi

Dek a Hearthstone katuna 30 ne, kowane kati ba ya wuce biyu, na Legendary ɗaya tak. Dek ɗin da ake karo da su a tsani kusan iri huɗu ne. Akwai na farmaki, mai katuna masu arha, burinshi ya gama da kai kafin zagaye na shida ko na bakwai. Akwai na haƙuri, mai share fili da ƙara rai har katunanka su ƙare. Akwai na tsaka-tsaki. Sai na haɗi, wanda ke tara wasu katuna biyu ko uku ya kashe ka a zagaye ɗaya. A bisa al'ada na farmaki yana cin na haɗi, na haɗi yana cin na haƙuri, na haƙuri yana cin na farmaki.

Ga mai wasa a waya, da data, a garin da ake ɗauke wuta, shawararmu dek na farmaki ko na tsaka-tsaki mai sauri. Dalilin lokaci ne. Ka ɗauka dek mai sauri yana cin kashi 55 kuma wasanshi minti 6 ne: wasa 160, awa 16. Dek na haƙuri yana cin kashi 58 amma wasanshi minti 12: wasa 100, awa 20. Wanda ya fi ƙarfi a takarda ya fi cin lokaci da caji, kuma kowane ƙarin minti dama ce ga sabis ya yanke. Ga shi kuma dek na farmaki ya fi arhar haɗawa.

Kada ka ƙirƙiri naka dek tun yanzu. Shafuka irin su HSReplay da Vicious Syndicate suna tattara sakamakon wasanni masu yawan gaske su nuna dek ɗin da ke ci. Kwafi lambar dek ɗin, buɗe wurin haɗa dek a cikin wasan, zai tambaye ka ko ya haɗa maka shi. Ka duba ranar da aka fitar da bayanin, domin in kamfani ya rage wa wani kati ƙarfi, dek ɗin makon jiya na iya zama ba komai.

Batun ƙura, wadda ake ƙera katuna da ita: kati na Common ana ƙera shi da 40, Rare 100, Epic 400, Legendary 1600. In ka narkar da su kuwa 5, 20, 100 da 400 za a ba ka. Ka ga narkar da Legendary huɗu ne ke ƙera ɗaya, asara ce babba. Kada ka narkar da kati don kawai ba ka amfani da shi yau. In aka rage wa kati ƙarfi, ana buɗe ɗan lokaci da za a mayar maka da cikakkiyar ƙurarshi, to a nan ake narkarwa. Wurin ƙera kuwa fara da Common da Rare na dek ɗinka, su ne ƙashin bayanshi, Legendary ya zo daga ƙarshe. Zinariyar da kake samu daga ayyukan yini da na mako ka zuba ta a fakitin sabon zubin katuna, 100 kowane fakiti, kuma akwai tabbacin Legendary a cikin fakiti goma na farko na kowane zubi. Ba mu ba kowa shawarar ya sa kuɗin aljihunshi a fakitin da bai san abin da ke ciki ba.

In ka zaɓi dek, ba shi wasa hamsin aƙalla kafin ka yanke mashi hukunci. Wasa goma ba su nuna komai, dek mai kyau ma yana iya faɗuwa sau biyar a jere. Mai canza dek duk bayan asara uku kullum sabon shiga ne.

Hannun farko

Wanda zai fara wasa ana ba shi katuna uku, na biyu huɗu da katin Coin mai ƙara Mana (makin da ake biya don ajiye kati) ɗaya na zagaye guda. Kana da damar mayar da waɗanda ba ka so a canza maka, sau ɗaya. Wasanni da yawa a nan ake zubar da su tun ba a ajiye kati ko ɗaya ba.

Mana tana farawa da ɗaya, tana ƙaruwa da ɗaya kowane zagaye har goma. Katin Mana bakwai a hannun farko zama zai yi zagaye shida ba ya komai, komai kyanshi. Da dek na farmaki riƙe masu 1 da 2, mai 3 kuma sai in kana da na ƙasa da shi. Sauran mayar. Kafin ka taɓa komai dubi jarumin abokin karawa, wato wanda ke wakiltarshi a wasan, irin su Mage ko Hunter, ka tambayi kanka wane dek masu wannan jarumin suka fi bugawa a wannan makon. In masu farmaki ne riƙe katin kashe ƙananan mayaƙa, in masu haƙuri ne mayar da shi ka nemi abin da zai matsa masu.

Ka san wannan lissafin, zai rage maka jin haushi. Katin da ka sa guda biyu a dek, damar ganin ko da ɗaya a katuna uku na farko kusan kashi 19 ne, a huɗu kusan 25. Zuwa zagaye na shida, in kai ka fara kuma ba ka ja ƙari ba, ka ga katuna tara, damar ta ɗan wuce rabi kaɗan. Sai ka ja rabin dek take kai kashi 76. Duk shirin da ya dogara kan kati ɗaya ya zo da wuri, a yawancin wasanni ba zai yi ba. Haka kuma abokin karawarka, ba kullum yake riƙe da maganin da kake tsoro ba.

Abin da za ka yi a kowane zagaye

Kana da kusan daƙiƙa 75 a kowane zagaye kafin igiyar da ke nuna ƙarewar lokaci ta ƙone. Sun isa, in ka bi tsari ɗaya kullum.

Fara da ƙirga: zan iya kashe shi yanzu? Ga misali. Kana buga Mage, Mana 6, a fili kana da mayaƙi mai duka 3 da mai duka 4. Abokin karawa ranshi 14, ya ajiye wani ƙaton mayaƙi da ba shi da Taunt (alamar da ke tilasta a fara bugun mayaƙin kafin jarumi). Ido zai tafi kan ƙaton nan, hannu ya kai ga Fireball don kashe shi. Tsaya. Mayaƙanka 7, Fireball Mana 4 duka 6, ikon jarumi Mana 2 duka 1. Jimla 14, wasa ya ƙare. Da zarar ran abokin karawa ya sauko ƙasa da 20, yi wannan ƙirgan kowane zagaye kafin ka taɓa komai.

Sai tambaya ta biyu: shi zai iya kashe ni a zagaye mai zuwa? Haɗa dukan mayaƙanshi, ka ƙara abin da jaruminshi ya saba jefowa daga hannu da Manar da zai samu. Hunter yana da duka 2 kowane zagaye daga ikon jarumi kaɗai, ka sa shi a lissafi.

In duka biyu a'a ne, sai babbar tambayar wasan: a wannan karawar wa ke kora, wa ake kora? Wanda dek ɗinshi zai fi ƙarfi in wasa ya yi tsawo, shi ke da haƙuri, ɗayan dole ya yi sauri. In kai ne mai saurin, duk dukan da ka kashe kan mayaƙi maimakon fuskar jarumi lokaci ka ba shi kyauta. In kai ne mai haƙurin, ranka abin kashewa ne, ba sai ka tsare kowane ɗigo ba, amma fili dole ka riƙe shi. Wannan matsayin yana juyawa: dek ɗinka na tsaka-tsaki shi ne mai haƙuri gaban na farmaki, shi ne mai kora gaban na haƙuri. Rashin gane wannan ya fi kowane kuskure cinye taurari tsakanin Platinum da Diamond.

Wurin karo da mayaƙa, nemi wanda naka zai kashe ya rayu. Mai duka 4 rai 5 ya bugi mai duka 3 rai 4: nashi ya mutu, naka ya saura da rai 2, kuma sai ya sake kashe kati kafin ya kawar da shi. Ko ƙaraminka na Mana 1 ya ƙarasa babbanshi na Mana 5 da ya riga ya ji rauni. Irin wannan ribar ce ke taruwa.

Jerin aiki ma yana da ƙa'ida. In za ka ja kati a zagayen, fara da ja, domin abin da ya zo na iya canza shirin gaba ɗaya. In akwai katin da ke zaɓen wanda zai buga da ka, fara rage waɗanda ba ka so ya faɗa masu. Yi ƙoƙarin kashe Manarka duka a zagayen farko-farko, wadda ba ka kashe ba ta tafi ke nan. Katin Coin kuma kada ka jefa shi a zagaye na ɗaya don kawai yana hannu, dubi zagaye uku masu zuwa ka ga inda giɓi yake.

Sai batun zuba mayaƙa. Fili yana ɗaukar bakwai, amma ba dole ka cika shi ba. In mayaƙa uku da ke gabanka sun isa su kashe shi cikin zagaye biyu, na huɗu da na biyar su zauna a hannu, musamman in yana gab da Manar katin share fili. Mage mai Flamestrike, alal misali, a Mana 7 yake jira. Amma in kana baya, kuma ba ka da hanyar ci sai in ba ya riƙe da katin, to zuba duka, ka buga kamar ba ya da shi. Tsoron katin da ba za ka iya kauce mashi ba asarar wasa ce a hankali.

Ƙananan abubuwa biyu: hannu ba ya wuce katuna goma, na sha ɗaya ƙonewa yake. In dek ya ƙare kuma, kowane ja yana cin ranka 1, sai 2, sai 3, haka yana hawa.

Waya, sabis da wuta

Nan ne namu yanayin ya bambanta, kuma taurarin da ake asara a nan sun fi ciwo don ba wasa aka fi ka ba. Kada ka shiga wasan matsayi da cajin da bai kai kashi 30 ba. Kada ka shiga kana kan babur ko cikin mota a hanyar Daura zuwa Katsina, inda waya ke tsalle daga wannan turken sabis zuwa wancan. Nemo kusurwar gidan da sabis ya fi zama, ka mai da ita wurin wasanka. In sabis ya yanke tsakiyar wasa, rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa, yawanci tana mayar da kai cikin wasan, ya fi zaman jiran ta farfaɗo. Ka sani in zagaye ya wuce ba ka yi komai ba, na gaba da gajeriyar igiya zai fara, sai ka yi saurin taɓa wani abu.

Kiran waya na iya katse data a wasu wayoyin, ka gwada taka tun a wasan da ba na matsayi ba. Wasan kanshi ba ya shan data sosai, sabuntawa ce ke sha, bar ta sai datar dare ko inda akwai wayfai. A zafin Afrilu da Mayu waya na ɗaukar zafi ta fara sanɗa, har ka ja kati ya faɗa inda ba ka nufa ba. Cire mata riga, kada ka buga tana kan caji, ka rage ingancin hoto a saituna.

Ka kuma dubi agogo. Wasa ɗaya na iya kai minti goma sha biyar, ba a dakatar da shi. In an kusa kiran salla, ko Baba ya ce zai aike ka, kada ka danna neman abokin karawa. Wanda ya fara a irin wannan lokacin ko ya bar wasan ko ya buga shi a gurguje, duka biyun tauraro ne ya tafi.

Zafin asara

Sa wa kanka doka tun kafin ka fara: asara uku a jere, ajiye wayar na rabin awa. Wanda aka cinye yana shiga wasa na gaba da sauri, ba ya ƙirga, yana riƙe hannun da ya kamata ya mayar, yana kai duka fuska don huce haushi. Da zarar wasa ya fara ka toshe saƙonnin jarumin abokin karawa, danna hotonshi za ka ga wurin. Ladan ƙarshen wata kan matsayi mafi girma da ka taka ake ba da shi, don haka faɗowa daga Diamond 2 zuwa 4 bai rage maka komai ba sai lokaci.

Gwajin sabon dek a kan dandamali ake yin shi, inda ba abin da za a ƙwace. Kana Diamond 5 ba tauraro, gwada abin da kake so. Kana Diamond 2, ba lokacin gwaji ba ne.

Sami ƙaramin littafi da biro. Bayan kowane wasa rubuta jarumin da ka kara da shi, wa ya fara, ci ko asara, da zagayen da kake ganin wasan ya juya. Masu kwamfuta suna da manhajoji irin su Hearthstone Deck Tracker da ke yi masu wannan, mai waya takarda ta ishe shi. Bayan wasa talatin duba. In kusan rabin waɗanda kake haɗuwa da su masu farmaki ne kuma su ke cinye ka, cire katuna biyu mafi tsada ka sa masu Taunt ko masu share ƙananan mayaƙa. Katuna biyu, ba goma ba, don ka iya gane ko canjin ne ya yi aiki. In kana da aboki mai buga wasan, ya shiga kallon wasanka daga jerin abokai, bayan an gama ku tattauna zagaye ɗaya da kuka saɓa a kai.

In Marvel Snap kake bugawa

Wannan wasan, da ya fito a Oktoban 2022, dek ɗinshi katuna 12 ne, zagaye shida, wurare uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara. Tsaninshi da kub ake hawa har mataki na 100, wato Infinite, kuma kub maki ne na cikin wasa, ba kuɗi ba. Ana farawa da kub 1, in an kai ƙarshe ya zama 2. In ɗaya ya danna Snap, maɓallin ninka kub, ya zama 4 a ƙarshe, in duka biyu suka danna, 8. Kana iya janyewa a kowane zagaye ka bar abin da ke kan tebur a lokacin kawai.

A nan yawan cin wasa ba shi ne ma'auni ba. Wanda ya ci wasa 4 cikin 10 da kub huɗu-huɗu, ya janye a sauran shida da kub ɗai-ɗai, ya samu 16 ya bar 6, ribarshi 10, alhali an fi shi cin wasa. Danna Snap da wuri, a zagaye na uku ko na huɗu, lokacin da haɗinka ya cika a hannu kuma wuraren sun dace da dek ɗinka amma abokin karawa bai gani ba tukuna. In ka bari sai zagaye na shida da nasararka ta fito fili, janyewa zai yi ya bar maka kub ɗaya. In shi ya danna kuma ba ka iya faɗin takamaiman katin da zai ba ka wurare biyu, janye a wannan zagayen kafin ninkin ya hau, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kafin zagayen ƙarshe tsaya ka lissafa ƙarfin kowane wuri, ka ƙara mafi girman abin da dek irin nashi ke iya saukewa da Energy 6, wato Manar wannan wasan. In lissafin bai ba ka wurare biyu ba, kub ɗin da ke kan tebur kaɗai za ka bari in ka janye, in ka tsaya kuwa ninkinshi.